Ranar da Aka Buɗe Bakin Gunya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro. Wakilin mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa. Dagatai da masu unguwanni da suka taso daga kusa da nesa. Malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Jami'an kula da lafiyar dabbobi na wannan yanki. Malamar wannan kwas, Dakta Ummussalma. Ɗalibanmu da za a yaye yau, waɗanda nake gani a sahun gaba sun sha wanka kamar angwaye. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa. 'Yan'uwana masu dawaki, da dillalai, da maƙera, da dukawa masu ɗinka mana sirdi. Jama'ar Haɗeja, da baƙinmu na Kafin Hausa da na Birniwa: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta farko ga Allah, wanda ya nuna mana wannan rana muna da rai da lafiya. Bayan haka ina gode wa waɗanda suka ba mu wannan wuri, da waɗanda suka kafa rumfa, da waɗanda suka bar shinkafarsu a tsakiyar damina suka zo suka zauna don su ji maganar haƙori. Ba ma haƙorin mutum ba, haƙorin doki. An ce in yi magana a madadin ƙungiyar masu dawaki, an kuma roƙe ni kada in tsawaita. Magana dai zan yi, roƙon nan kuwa sai abin da Allah ya yi.

Jama'a, duk wanda aka haifa a bakin wannan kogi ya san doki a wurinmu ba na ado ba ne kawai. Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse ya malala cikin fadama, babur yakan tsaya a bakin ruwa, keke mai ƙafa uku ya juya ya koma gari, doki ne ke shiga. Shi ke kai manomi gonarsa, shi ke fito da mara lafiya bakin kwalta, shi ke kai mu gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Dabbar da ke yi mana wannan hidima ta cancanci mu san abin da ke damunta, kuma dalilin wannan kwas ke nan.

Maganata ta farko a kan abin da waɗannan ɗalibai suka koya ne. Ni ba ɗalibi ba ne, amma nakan zauna a baya in saci karatu, don haka ku ba ni dama in yi muku bita. Haƙorin doki ba irin namu ba ne. Namu yakan fito ya tsaya; nasa kullum ƙara fitowa yake yi, tauna ce ke rage shi. Sannan Allah ya yi muƙamuƙinsa na sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka turamen, wato manyan haƙoran nan na can ciki, ba sa gogar juna daidai. Gefen da bai sami abin da zai goge shi ba sai ya yi tsini, na sama ya riƙa yankar kunci ta ciki, na ƙasa ya riƙa yankar harshe. Doki yana son ci, yana jin yunwa, ga harawa a gabansa, amma kowace tauna azaba ce. Sai ya riƙa karkata kai, ya tauna ciyawa ya tofar da ita a dunƙule, ka ga ƙwayar dawa a cikin kashinsa kamar yadda ka zuba masa ita. Ka sa masa linzami ya yi ta kaɗa kai.

To, mu kuma me muka gada? Idan ya rame mu ƙara masa kanwa. Idan ya ƙi ci mu ce ganɗarsa ta kumbura, a kira mai lalas ya ɗora masa ƙarfe mai zafi. Idan ya kaɗa kai mu ce taurin kai ne, a sauya masa linzami mafi nauyi. Idan duk wannan bai yi ba, mu ce bakin mutane ne ya kama shi. Iyayenmu ba mugunta suka yi ba, ƙauna ce ta sa su. Abin da ba su da shi kawai shi ne tocila da ƙarfen da ke riƙe bakin doki a buɗe har a ga can ƙuryarsa.

Waɗannan ɗalibai sun koyi wanke bakin doki, sun koyi sa masa wannan ƙarfe ba tare da sun firgita shi ba, sun koyi lalubar tsini da yatsa, sun koyi goge shi da magagari mai dogon mariƙi. Sun kuma koyi abin da ya fi wannan wuya, wato sanin iyakarsu. Ba sa cire haƙori, ba sa yin allura, idan suka ga abin da ya fi ƙarfinsu sukan tsaya su kira likita. Da ƙoƙon kan mataccen doki suka fara. Na ga Munzali maƙeri, ga shi can yana sunkuyar da kai, ranar farko ya kama magagari ya far wa ƙoƙon nan kamar yana wasa fartanya. Dakta ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi da me yake so dokin ya ci abinci gobe. Yau Munzali na cikin masu sauƙin hannu a ajin, ni shaida ne.

Maganata ta biyu a kan malamarsu ce. Na ga masu ilimi da yawa a rayuwata, amma ban cika ganin mai ilimin da ya iya jira kamar Dakta Ummussalma ba. Ba ta ɗaga murya ga ɗalibi, ba ta ɗaga murya ga doki. Ba ta taɓa cewa abin da kakanninmu suka yi jahilci ne ba. Takan tambayi dalilin da ya sa ake yi, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, to zo ka gani. Kalmar da ɗalibanta suka fi ji daga bakinta ita ce: ku goge kaɗan ku sake dubawa, domin abin da kuka goge ba ya dawowa. Ranki ya daɗe, a madadin masu dawakin wannan ƙasa, muna yaba miki, kuma yabon nan ba na taro ba ne, daga zuciya yake.

Sai dai da aka gama da ƙoƙon kai aka zo neman doki mai rai, sai kwas ya tsaya cak. Kuma wannan ita ce maganata ta uku, ita ce doguwar.

Baƙinmu da suka zo daga nesa ƙila ba su san wata al'ada tamu ba. A nan, mutum ɗaya ne ke buɗe bakin doki: mai saye, ko dillalinsa. Ya ɗaga leɓe, ya dubi haƙoran gaba, ya faɗi shekaru, ya yi tayi. Saboda haka idan ka shiga gidan mutum ka ɗaga leɓen dokinsa a turke, ka taya dokin ke nan ba tare da ka yi magana ba. Ka ce masa ya gaza, ka ce masa hannunsa ya yi sanyi har ya kai ga sayar da abin hawansa. Ko ɗan'uwanka na jini ba ka yi masa haka. To, sai ga ɗalibai suna bi gida gida suna roƙon a bar su su buɗe bakin doki. Abin mamaki, a wancan makon babu doki ko ɗaya mara lafiya daga nan har Kafin Hausa. Kowa ka tambaya sai ya ce nasa ƙalau yake.

A cikin ɗaliban nan akwai Safiyanu, magidanci ne, yana tuƙa keke mai ƙafa uku a cikin gari. Mahaifinsa shi ne Malam Hamman, dattijo mai zama can ƙetaren fadama, aminina tun muna samari. Shi Bafulatani ne, ni kuma kakannina Barebari ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa yau halal ɗina ne, babu mai shiga tsakaninmu. Na san masu taurin kai da yawa, amma idan aka tara su Hamman ne zai ba su salla.

Hamman yana da goɗiya, ana ce mata Gunya saboda launinta. A hannunsa aka haife ta. Shekarun nan gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya doguwar tafiya, babur kuma ba ya kaiwa ƙauyensu idan ruwa ya zo. Gunya ce ƙafarsa. Ita ke kai shi gona, ita ke kai shi masallacin Juma'a, ita ke kai shi duk inda ake bukatar dattijo. Idan babu ita, Hamman ya zama mutumin tabarma, sai dai a zo a gaishe shi a tafi.

Tun bara Gunya ta fara ramewa. An ba ta kanwa, an ba ta maganin tsutsa, an yi mata lalas, ba ta daina ba. Da bazara ta zo haƙarƙarinta ya fito fili. 'Ya'yansa suka taru, kuma Safiyanu ne ya yi ƙarfin halin faɗin abin da ke ran kowa: a sayar da ita tun tana tsaye, kafin ta mutu a turke. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, tausayin mahaifinsa ne. Amma kun san inda ake kai ramammen doki idan an saye shi: mayanka. Daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa Hamman da Safiyanu, ita ma a taƙaice.

Safiyanu ya gaya mini cewa abin da ya kawo shi kwas ɗin nan sanarwa ce ya ji a rediyo yana cikin kekensa, ana lissafa alamomin ciwon haƙori, sai ya ji kamar Gunya ake siffantawa. Ya shiga aji, ya yi karatu, ranar da ya tabbata ya gane sai ya ɗauki hanya ya tafi gida cike da murna. A nan ya yi kuskuren da murna ke sa mutum. Bai tsaya ya yi bayani ba. Ya yi sallama, ya wuce turke kai tsaye, ya kai hannu ya ɗaga leɓen Gunya. Ku tuna wane ne shi: ɗan da ya ce a sayar da ita. Ku tuna kuma abin da ɗaga leɓe yake nufi a wurinmu. Hamman na zaune a inuwa yana kallo. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce masa, “Sauke hannunka. Idan ka zo da mai saye ne, ka ce masa ban mutu ba tukuna.” Ya kuma hana shi sake kusantar turken.

Safiyanu ya dawo gari ya same ni. Ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, idan ruwa ya cika fadama Dakta ba za ta iya kaiwa can da kayanta ba, Gunya kuma ba za ta kai kaka a haka ba. Na kai maganar ga Dakta. Ta ce mu je, amma Safiyanu ya tsaya a wajen gida har sai an kira shi, idan an kira shi.

Muka je da hantsi. Ina so ɗalibai su saurari wannan da kyau, domin darasi ne da ba a yi shi a aji ba. Dakta ta bar akwatin kayanta a mota. Ta durƙusa ta gaida Hamman kamar yadda 'ya ke gaida uba, ta sha nonon da aka kawo, ta tambayi shanu, ta tambayi gona. Ko kallon bakin Gunya ba ta yi ba. Can sai ta roƙi alfarma ɗaya: a zuba wa goɗiyar harawa ta ga yadda take ci. Aka zuba. Muka zauna mu uku muna kallon dabba tana fama. Ta ɗiba, ta karkata kai, ta juya, ta juya, ta tofar. Dakta ta tashi ta tsinci dunƙulen nan mai yawu da hannunta, ta kawo ta ajiye a gaban Hamman, ta tambaye shi tun yaushe yake share irin wannan a turke. Ya ce tun kafin ta fara ramewa.

Sai ta ce masa ita ba za ta taɓa goɗiyarsa ba, shi ne mai ita, shi ya kamata ya taɓa. Ta nuna masa inda zai ɗora tafin hannunsa a kan kunci ta waje, ya ɗan danna a hankali. Ya danna. Gunya, wadda ba ta taɓa guje wa hannun Hamman ba tun tana duƙusa, ta fizge kai ta ja da baya. Na ga fuskar aminina ta sauya. Sai ya ce a kawo kayan.

Dakta ta yi mata allurar da ke kwantar da jiki, ta wanke bakin, ta sa ƙarfen, sannan ta miƙa wa Hamman tocila ta ce ya fara gani kafin kowa. Ya leƙa. Ni ma daga baya na leƙa, kuma ba na fatan in sake ganin irinsa: kuncin nan duka biyu a tsattsage, tsohon gyambo da sabo, turame sun yi tsini kamar bakin zarto. Hamman ya ce, a hankali, “Ashe da wannan kike ɗauka ta.” Ba da mu yake ba. Na kau da kaina, domin Babarbare ba ya son ya ga hawayen Bafulatani, ba zai sami bakin tsokanarsa ba daga baya.

Hamman ya ce wa Dakta ta yi aikinta. Ta ce masa za ta iya, yanzun nan ma. Amma ta gaya masa gaskiya: tsinin nan zai dawo, baɗi sai an sake gogewa, haka kuma kowace shekara muddin Gunya na raye; ita ma'aikaciya ce, ana iya ɗauke ta daga Haɗeja kowane lokaci, kuma ko tana nan ruwa yakan raba su. Ta ce akwai ɗalibinta da ta yarda da hannunsa, wanda ko an ɗauke ta shi yana nan, yana tsaye a bayan danga tun ɗazu rana na dukansa.

Hamman ya dubi goɗiyarsa, ya dubi danga. Ya ce wa autansa da ke tsaye a gefe, “Auta, kira shi.”

Safiyanu ya shigo ya durƙusa. Uban ya kama ragama da hannunsa, ya ce masa, “Kada ka dubi na gaba.” Safiyanu ya ce, “Baffa, na gaba na mai saye ne. Ni na ciki na zo dubawa.” Ya karɓi magagari. Dakta na gefensa, ya goga kaɗan ya tsaya ya laluba, ya sake gogawa ya sake lalubawa, gumi na zuba daga haɓarsa. Uban na riƙe da kai yana yi wa goɗiya magana da Fulatanci, ɗan na aiki a cikin bakinta, fuskokinsu kusa da juna fiye da yadda suka kasance tun bazara. Da aka gama, allura ta sake ta, aka jiƙa mata dusa, ta ci ta lashe ƙwarya.

Labari ya riga mu isowa gari. Aka ce Hamman, Hamman da kuka sani, ya bari an buɗe bakin Gunya kuma bai sayar ba. Cikin 'yan kwanaki dawakin nan masu ƙoshin lafiya duk suka kamu da ciwon haƙori, har ɗalibai suka rasa wanda za su fara da shi. Duk ɗalibin da zai karɓi shaida yau, ya sani ta ƙofar wannan dattijo ya shigo.

Saboda haka ina da roƙo. Ku masu dawaki, idan ɗayan waɗannan ya yi sallama a ƙofarku, ba tayi ya kawo ba, ku ba shi wuri. Ku ajiye ƙarfen lalas, ku jinkirta sauya linzami har sai an duba baki. Ku kuma ɗalibai, ku gaisa kafin ku taɓa, ku yi bayani kafin ku ɗaga leɓe, ku bar mai doki ya fara gani da idonsa. Ku riƙe sauƙin hannun malamarku, ku riƙe haƙurinta, ku riƙe iyakar da ta shata muku. Hukuma kuma muna roƙo kada wannan aji ya zama na farko kuma na ƙarshe.

Kun san yadda fadama take a wannan watan, ko mota ko babur babu mai ƙetarawa. Da safen nan ina tsaye a bakin ƙofa sai ga mahayi tafe, ruwa ya jiƙa dabbarsa har ciki, tana taku kamar ba ita ba. Ga ta can ɗaure a gindin tsamiya tana cin harawa, babu abin da ke faɗuwa daga bakinta. Mai ita kuma ga shi nan zaune a damana, yana harara ta tun da na fara. Ya ba ni saƙo biyu. Na farko, duk mai son ganin Gunya ya je ya gani, amma dillalai su riƙe hannayensu a baya, domin mutum ɗaya ne a duniya ke da izinin buɗe bakinta. Na biyu, mai girma shugaba, ya roƙi alfarma: idan an zo kan sunan Safiyanu, a taimaka masa ya miƙe, yana so magagarin da za a ba kowane ɗalibi, shi ne zai miƙa wa ɗansa nasa da hannunsa.

Allah ya saka wa Dakta Ummussalma da alheri, ya ƙara mata ilimi mai amfani. Allah ya sa albarka a hannun waɗannan ɗalibai, ya tsare su daga harbin doki da gaggawar zuciya. Allah ya shirya tsakanin iyaye da 'ya'yansu, ya ba mu tausayin dabbobin da ya ba mu amana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa kogin nan ya shayar da mu kada ya cinye mu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, na kan mota da na kan babur da na kan goɗiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.